Bayan keken ɗinki: abin da matan da suka tsere wa duka a gidan aure ke buƙata a yankin Bakalori

Duk mai bin labaran jihohin Arewa maso Yamma ya saba da wannan hoto: rumfa a harabar sakatariya, kekunan ɗinki a jere cikin kwalayensu, injinan markaɗe da na taliya a gefe, mata suna karɓar takardar shaidar kammala horo daga hannun babban baƙo. A jawabin buɗe taro akan ce waɗanda suka amfana sun haɗa da zawarawa da marayu da matan da aka ci zarafinsu. A yi tafi, a ɗauki hoto, a watse.

Abin da ba a cika ba da labarinsa ba shi ne makomar keken bayan wata shida. Yana aiki, ko an sayar da shi an sayi hatsi? Wa ke riƙe da kuɗin da yake kawowa? Ita kuma matar da aka ba, a ina take kwana, kuma shin hannun da ya dake ta ya daina kai mata?

Ga mace a Dosara da ke ƙaramar hukumar Maradun, ko a ƙauyukan Bakura da Talata Mafara, amsar waɗannan tambayoyi ita ce ke nuna ko za ta tsaya da ƙafafunta ko za ta koma ɗakin da ta gudo daga cikinsa. Wannan bayani ya duba abin da doka ta tanada, da abin da bincike ya nuna, da kuma abin da ya dace da yankin.

Yaya girman matsalar yake?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa kusan mace ɗaya cikin uku a duniya, wato kimanin miliyan 736, ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar lalata, kuma mafi yawanci daga hannun miji ko abokin zama.

A Najeriya, binciken yawan jama'a da lafiya na ƙasa na 2018 ya gano cewa kashi 36 cikin ɗari na matan da suka taɓa aure sun fuskanci cutarwa daga miji, ko ta duka, ko ta tilastawa a shimfiɗa, ko ta zagi da wulaƙanci. Daga cikin matan da aka daka ko aka ci zarafinsu, kashi 55 cikin ɗari ba su taɓa neman taimako ko gaya wa kowa ba. Kashi 32 ne kawai suka nemi taimako, kuma mafi yawansu wurin danginsu suka nufa. Binciken ya kuma nuna cewa kashi 28 cikin ɗari na matan da kansu suna ganin miji na da hujjar dukan matarsa a wani yanayi, kamar idan ta fita ba izini ko ta yi masa gardama.

Waɗannan alƙaluma suna da ma'ana biyu ga duk mai shirin bayar da tallafi. Na farko, matan da suka fi buƙata su ne ba za su zo su rubuta suna a gaban jama'a ba. Na biyu, ƙofar farko da mace ke ƙwanƙwasawa ita ce ta gidan iyayenta. Shirin da bai san da wannan ƙofa ba zai yi ta harbi a iska.

Me ya sa mace ke komawa?

A ƙasar Hausa akwai tsohon tsari na yaji da biko. Mace ta ji wuya, ta tafi gidansu. Miji ya turo manya, a zauna, a yi masa faɗa, a ba ta haƙuri, ta koma. Tsarin ya ceci aure da yawa, kuma yana aiki matuƙar iyayen mace na da ƙarfin riƙe ta har sai an gyara. Idan rumbun uba ya cika, yana iya cewa 'yarsa ba za ta koma ba sai an ɗauki alkawari a gaban shaidu. Idan kuwa shi ma yana auna kwano ɗaya ne a raba wa mutum goma, to haƙurin da zai ba ta na yunwa ne.

Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya nuna kashi 63 cikin ɗari na 'yan Najeriya, mutum miliyan 133, na cikin talauci mai fuskoki da yawa. A Zamfara adadin ya kai kashi 78. Bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, tsadar abinci da ta sufuri ta ƙara nauyi a kan gidajen da dama can ba su da rara.

Akwai kuma batun 'ya'ya. A al'ada, uba kan karɓe yara da zarar an yaye su, don haka mace da yawa kan zaɓi zama da duka a kan rabuwa da 'ya'yanta. Wata kuma ta fito ba tare da kayan ɗakinta ba, ko ta tarar an sayar da akuyar da ta kiwata. Daga nan ne tunanin koyar da sana'a ya samo asali: idan tana da abin hannunta, ba yunwa ce za ta yanke mata shawara ba. Tunani ne mai tushe. Inda ake samun tangarɗa shi ne wurin aiwatarwa.

Me doka ta tanada?

Tsohon shugaban ƙasa Goodluck Jonathan ya sanya hannu a kan dokar hana cin zarafin mutane, wadda aka fi sani da VAPP, a ranar 25 ga Mayun 2015. Dokar ta tarayya tana aiki ne a Abuja ƙarƙashin kulawar hukumar NAPTIP, sai jihohi suka riƙa yin nasu kwafin ɗaya bayan ɗaya, ciki har da Zamfara.

A dokar ta tarayya, dukan miji ko mata laifi ne da ke iya jawo ɗaurin da bai wuce shekara uku ba, ko tarar da ba ta wuce naira 200,000 ba, ko duka biyun. Korar abokin aure daga gida da ƙarfi laifi ne. Yin watsi da mata da 'ya'ya ba tare da abin ci ba laifi ne. Haka nan tauye mutum ta fuskar dukiya, kamar ƙwace abin da ya mallaka ko tilasta masa dogaro da wani. Kotu na iya bayar da umarnin kariya da zai hana mai cutarwa kusantar wadda ya cuta.

Sashe na 38 shi ne ya fi shafar wannan batu. Ya ce wanda aka ci zarafinsa na da haƙƙin samun kulawar likita, da taimako kan halin damuwa, da taimakon lauya, sannan yana da haƙƙin shiga shirin farfaɗowa inda zai koyi sana'ar da ya zaɓa, ko ya koma karatu, ko ya samu ƙaramin rance. Ma'ana, a idon wannan doka koyar da sana'a haƙƙi ne da ake bin hukuma, kuma an jero shi tare da lafiya da shari'a, ba a ware shi shi kaɗai ba. An kuma ce sana'ar da mutum ya zaɓa, ba wadda ɗan kwangila ya sayo kayanta ba.

Wannan ya sha bamban da sashe na 55 na tsohon kundin hukunta laifuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, inda aka cire ladabtar da mata daga jerin laifuka muddin al'ada ta yarda da hakan kuma bai kai ga mummunan rauni ba. Lauyoyi masu kare haƙƙin mata sun daɗe suna neman a soke wannan sashe.

Ga mafi yawan matan Maradun da Bakura da Mafara, kotun da suka sani ita ce ta shari'ar Musulunci. Zamfara ce jiha ta farko da ta faɗaɗa aiki da shari'a, lokacin da gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da ita a Gusau a watan Oktoban 1999. A mazhabar Malikiyya da alƙalai ke bi, cutarwa dalili ne da alƙali zai iya raba aure a kansa ba tare da mace ta mayar da sadaki ba. Littattafan da ake hukunci da su, irin su Mukhtasar na Khalil da Tuhfatul Hukkam, sun yarda a karɓi shaidar abin da ya yaɗu a bakin maƙwabta game da cutarwar, tunda duka a cikin ɗaki ake yin sa. Har ma idan mace ta biya kuɗin hul'i sannan ta tabbatar da cewa cutarwa ce ta sa ta fanshi kanta, tana iya neman a mayar mata. Ciyarwa a lokacin iddar sakin da ake iya kome tana kan miji. Renon yara haƙƙin uwa ne muddin ba ta yi wani aure ba, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, ciyar da su kuma na wuyan uba.

Macen da ba ta san wannan ba takan ci bashi ta biya hul'i, ta bar yaranta, ta fito hannu rabbana. Wani lokaci jarin da aka ba ta a wurin taron tallafi shi ne ke tafiya wajen biyan wannan bashi. Saboda haka zama ɗaya da lauya ko malamin da ya san fiƙihun aure na iya fin keken ɗinki daraja. Ƙungiyoyi irin su FIDA ta mata lauyoyi, da WRAPA da aka kafa a 1999, da FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985, da Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya, duk suna da gogewa a wannan fanni.

Shin sana'a da jari na rage duka?

An gwada wannan tambaya a ƙasashe da dama, kuma amsoshin sun nuna hanya ɗaya.

A arewacin Uganda, yankin da ya sha yaƙi kamar yadda Zamfara ke shan ta'addancin 'yan bindiga, an ba mata matalauta dala 150 da horon kasuwanci na 'yan kwanaki. Bayan wata 16 kuɗin da suke samu ya kusa ninkawa. Amma masu binciken ba su ga raguwar duka daga mazajensu ba. Kuɗi ya shigo, hannu bai sauka ba.

A Bangaladash, wani shiri da aka gudanar daga 2012 zuwa 2014 ya raba mata gida-gida. Wasu an ba su kuɗi ko abinci kawai. Wasu an haɗa musu da zaman mako-mako na koyon ciyar da yara, da ziyarar gida, da tattaunawa da shugabannin gari. Wata shida zuwa goma bayan shirin ya ƙare, waɗanda aka haɗa wa zaman ƙungiya sun samu raguwar duka da kashi 26 cikin ɗari. Waɗanda aka ba kuɗi ko abinci kawai ba a ga bambanci tsakaninsu da waɗanda ba a ba komai ba.

A lardin Limpopo na Afirka ta Kudu, an haɗa ƙaramin rance da darussa kan zamantakewar aure da cin zarafi. Sakamakon da mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa a 2006 ya nuna raguwar cin zarafi daga abokin zama da kashi 55 cikin ɗari cikin shekara biyu.

Kusa da gida, a Jamhuriyar Nijar, binciken da mujallar Nature ta wallafa a 2022 ya duba matan da ke karɓar tallafin kuɗi na gwamnati. An ƙara musu ƙungiyar ajiya da horon kasuwanci, sannan wasu aka ba su jari dunƙule, wasu aka ba su darussan ƙarfafa zuciya tare da taron gari da ya haɗa maza da dattawa, wasu aka haɗa musu duka. Kowane rukuni ya samu ci gaba, amma idan aka auna da abin da aka kashe, rukunin darussa da taron gari ne ya fi riba.

Darasin da ke cikin waɗannan shi ne kuɗi na magance yunwa, amma abin da ke rage duka shi ne fitar da mace daga kaɗaici. Macen da ke da mata ashirin da za su lura idan ba ta zo zama ba, kuma mai unguwa da liman sun san da zamansu, ba daidai take da wadda ke kuka ita kaɗai a bayan zaure ba. Akwai ma haɗarin da masu bincike suka sha jan hankali a kai: idan mace na nan a gidan mai dukanta, kuɗin da ya shigo hannunta na iya zama sabon abin rigima, ya ƙwace, ko ya janye cefane ya ce ai yanzu tana da shi.

Me ya bambanta yankin Bakalori?

Talata Mafara da Bakura da Maradun sun yi tarayya a kan madatsar ruwa ta Bakalori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato da nufin shayar da kadada 23,000. Aikin ya lalace shekara da shekaru, kafin shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 ya sanya shi cikin waɗanda za a gyara. Arzikin yankin shinkafa ne da kayan lambu na rani da kiwo. Babbar kasuwar Mafara ta ranar Talata, wadda garin ya samo suna daga gare ta, tana kan hanyar Gusau zuwa Sakkwato.

Wannan ya kamata ya zama ma'aunin zaɓen sana'a. A ɗauki misalin gari guda da aka koya wa mata talatin ɗinki a lokaci ɗaya. Jama'ar garin ba sa ɗinka sabon kaya sai da sallah ko biki, kuma akwai teloli tun da can. Talatin ɗin nan za su yi ta rububin 'yan tsummokaran da ake kawowa gyara. Haka abin yake ga sabulun ruwa da man shafawa, waɗanda sinadaransu sai an je birni, masu saye kuma suna da abin da ya fi su muhimmanci.

A gefe guda, turara shinkafa da gyara ta, da matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, da busar da tumatir da tattasai lokacin da suka yi araha, da kiwon awaki da kaji, sana'o'i ne da matan yankin suka gada, kayansu na bakin ƙofa, masu saye kuma na zuwa har gida. Abin da ke hana su bunƙasa shi ne ƙarancin jari, da tukunyar turare mai kyau, da wurin shanya mai tsabta, da hanyar kai kaya kasuwa ba tare da dillali ya cinye ribar ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tambayar mace abin da ta iya da abin da ake saye a garinsu ya fi kawo mata kwali daga Gusau.

Sai matsalar tsaro. A 2021 kaɗai, an sace ɗalibai mata 279 a Jangebe da ke ƙaramar hukumar Talata Mafara a watan Fabrairu, an kai hari Kwalejin Noma da Kiwo ta Bakura a watan Agusta, sannan aka sace ɗalibai 73 a makarantar Kaya da ke Maradun a ranar 1 ga Satumba. A daidai wannan lokaci gwamnati ta rufe kasuwannin mako, aka kuma katse layukan waya a jihar. Duk macen da sana'arta ta dogara ga kasuwar mako ta ga yadda jari ke narkewa cikin 'yan makonni. Rikicin ya kuma raba iyalai da garuruwansu, ta yadda gidan iyayen da mace za ta yi yaji ta nufa wataƙila ya zama kango. Shirin da zai sa mace ta riƙa bin hanyar daji kullum zuwa cibiyar horo ya saka ta cikin wani haɗarin. Horon da ke zuwa ya same ta a garinsu shi ne mai ma'ana, kuma wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta gina tsarin 'Yan Taru a kan jajoji, dattijan mata da ke kai ilimi ga matan ƙauyuka.

Daga ina za a samu abin yi?

Akwai samfurin da aka haifa a ƙasar Hausa. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi, bisa tushen adashin da mata suka sani. Mata kan haɗu duk mako, kowa ta zuba abin da ta iya a akwati mai makullai a hannun mutane daban-daban, su ranta wa junansu, su ware wani abu don taimakon wadda ta shiga matsala, a ƙarshen zango su raba. Tsarin ya yaɗu zuwa ƙasashe da dama a Afirka da wajenta. Amfaninsa ga macen da aka ci zarafinta biyu ne: kuɗinta na wurin da miji ba zai iya ɗaga katifa ya ɗauka ba, kuma tana da dalilin fita da mutanen da za ta faɗa wa damuwarta.

Zamfara na da Hukumar Zakka da Waƙafi, kuma macen da aka kora ba ta da abin ci, ko wadda bashi ya yi wa katutu, ta shiga cikin rukunonin da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa. Waƙafin gida ɗaya a kowace masarauta, ƙarƙashin kulawar dattijan mata, zai iya zama mafakar makonni ga wadda ba ta da wurin zuwa. A maƙwabciyar jihar Sakkwato, an buɗe Cibiyar Nana Khadija a 2020 a Asibitin Ƙwararru, inda ake haɗa wa wadda aka ci zarafinta magani da nasiha da hanyar shari'a a wuri guda. Irin wannan haɗin ne ake buƙata kusa da jama'a, a manyan asibitocin Mafara da Bakura da Maradun, domin mace mai rauni a jiki ba ta da kuɗin motar zuwa babban birni.

Yaya za a gane shiri na gaskiya?

Ɗan jarida, ko ɗan majalisa, ko mai bayar da sadaka, na iya auna kowane shiri da tambayoyi shida.

Ta yaya aka zaɓo matan? Ta hannun unguwarzoma da ma'aikatan asibiti da kotu da Hisba, ko ta jerin sunayen da ɗan siyasa ya kawo?

An kare sirrinsu? Shirin da ya tsayar da mace a gaban kyamara a matsayin wadda miji ya daka ya ƙara mata wani tabon, ya kuma nuna wa mai neman ta inda take.

An tambaye ta inda take kwana, an duba lafiyarta, an bayyana mata haƙƙinta a kotu kafin a fara maganar sana'a?

Wa ya zaɓi sana'ar, kuma an duba ko akwai masu saye?

Bayan kayan aiki, an ba ta jarin juyawa da abin ci na watannin farko? Macen da yaranta ke kuka da yunwa za ta sayar da injin, kuma ba a ga laifinta ba.

Wa ya koma ya duba ta bayan wata shida da bayan shekara, kuma a ina aka rubuta abin da ya gani?

Tambaya ta ƙarshe ita ce mafi sauƙin amsawa, domin takarda ce kawai ake nema. Kowace ma'aikata ko gidauniya da ta karɓi kuɗi da sunan waɗannan mata tana iya faɗin adadin kekunan da ta raba. Abin da ya rage shi ne ta faɗi nawa ne ke aiki har yanzu, mata nawa ne kotu ta ba su kuɗin ciyar da 'ya'yansu, kuma nawa ne aka sake duka. Hausawa na cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ga macen da ke zaune a ɗakin mahaifiyarta a Dosara tana jiran ranar da masu biko za su zo, askin shi ne ta samu abin da za ta tsaya a kai idan aka tambaye ta ko za ta koma.